Hot Dog ɗin Bungudu: Yadda Nake Haɗa Tsiren Burodi a Gida

  Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba ta kai su sauke murya ba.

Yau kicin za mu shiga. Kuma maza kar wanda ya gudu, don abin yau ko gwauro mai kurfoti ɗaya zai iya shi. Wata 'yar'uwa daga Tsafe ce ta turo min saƙo, ta ce yaranta sun dame ta da zancen hot dog da suke gani a waya, ita kuma ba ta san ko mene ne ba, ba ta ma san ko ya halatta a ci ba. Da na karanta sai da na yi dariya, don wallahi irin wannan rigimar an yi ta a gidanmu. Bari in fara ba ku labarin, sannan mu hura wuta.

Duk ɗan Zamfara ya san watan Satumba na 2021. Lokacin ne aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako. Ba kira, ba WhatsApp, ba labarin 'yan'uwa. Yayanmu yana nesa wurin neman kuɗi, Inna kullum tana kan darduma tana addu'a. Da magariba ta yi kowa ya shige gida. Baba da ya saba shigo mana da tsire a takarda bayan isha'i, shi ma ya daina fita, nama kuma ya yi wuyar samu.

To autanmu, lokacin bai fi shekara tara ba, akwai wani bidiyo guda ɗaya da ya saura a wayata. Wani Ba'amurke ne a bayan gidansa yana gasa wasu jajayen abubuwa dogaye, yana cusa su cikin burodi. Tunda ba intanet, yaron nan sai da ya kalli bidiyon ya fi sau hamsin. Rannan ya ce, "Yaya, don Allah ki yi mana hot dog." Inna ta ce, "Mi ne ne kuma hot dog?" Shi kuma sarkin turanci ya ce mata ai dog kare ne. Inna ta miƙe zaune ta ce, "Naman kare? A'uzu billahi! Ba cikin gidan ga ba!"

To ku kwantar da hankalinku, ba kare a ciki, suna ne kawai. Asalin abin sosej ne, wato niƙaƙƙen nama da aka haɗa da kitse da gishiri da kayan ƙamshi, aka ɗura cikin hanji ko wata 'yar fata siririya, aka dafa ko aka turara da hayaƙi. Jamusawa sun shahara da shi, shi ya sa har yau ake kiran wani nau'insa da sunan birnin Frankfurt. Da Jamusawa suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, suka tafi da sana'arsu, aka riƙa sayar da shi cikin burodi a bakin titi, don mutum ya ci yana tafe ba tare da kwano ko cokali ba. A 1916 wani mai suna Nathan Handwerker ya buɗe rumfarsa a Coney Island da ke New York, yana sayar da guda ɗaya a kan senti 5. Har yau a wurin ake gasar cin hot dog duk ranar 4 ga Yuli. A 2021 ɗin nan da muke neman kwatan kilon nama ido rufe, wani mai suna Joey Chestnut ya cinye guda 76 cikin minti 10. Allah Ya raba mu da almubazzaranci.

Kun ga ke nan, idan aka cire sunan turanci, gasasshen nama ne a cikin burodi. Mu da muka tashi da tsire da burodin mai shayi, ko gurasa da tsire irin ta Kanawa, ina baƙon abu a nan? Abin da ya bambanta shi kawai siffa ce: naman dogo ne, mai laushi, yana kwanciya cikin burodin daidai, yaro ya gatsa ba tare da ya yi kokawa da jijiya ba.

Wani zai ce, to me zai hana a sayi sosej na leda a manyan shagunan Gusau a gasa a huta? Ban hana ba, amma ni ina da dalilai uku da suka sa na fi son in yi nawa.

Na farko, halacci. Sosej na asali na Jamusawa da naman alade ake yin sa, kuma har yau da yawa daga na waje haka suke, wasu ma naman sa ne amma hanjin da aka ɗura shi na alade ne. Akwai na kaza da na sa zalla, amma sai kun juya ledar kun karanta abin da aka haɗa, kun duba alamar halal da lambar NAFDAC. In ba ku iya karantawa ba, ku ba wanda ya iya. Tambaya ba ta zama ɓata.

Na biyu, sanyi. Sosej abinci ne da ba ya son ya bar firij. Mu kuwa mun san halin wutarmu. Kaya su daskare yau, su narke gobe, su sake daskarewa jibi, wannan ne ke kawo ciwon ciki. In kuka ga ledar ta kumbura, ko sosej ɗin yana yauƙi, ko yana warin tsami, ku bar shi ko kyauta aka ba ku. In kuma lafiyayye ne, ku gasa shi har cikinsa ya yi zafi yana tururi, musamman in mai juna biyu za ta ci.

Na uku, lafiya. A 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej, cikin abubuwan da ke iya jawo cutar dajin hanji. Suka ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Ba cewa aka yi wanda ya ci sau ɗaya ya shiga uku ba, a'a, kar dai ya zama abincin yau da gobe. Namu na gida ma haka ne, abin marmari ne.

To mu koma gidanmu. Da Inna ta yarda, Baba ya samo mana kwatan kilo wurin mahaucin unguwa. Na daka shi a turmi, na zuba albasa jiƙe-jiƙe da ruwanta, na mulmula a tsinke, na ɗora a kan wuta mai ci bal-bal. Jama'a, ko minti biyu ba a yi ba naman ya saki tsinken ya zube cikin garwashi. Kwatan kilo, a lokacin da nama ya fi zinari! Auta ya fashe da kuka, ni ma idona ya cika. Inna ta leƙo ta ce, "Mi kika yi haka? Ai ba ki murza shi ba. Ki murza shi kamar kwaɓin fulawa, sai ya kama hannunki." Mako guda bayan nan muka sake, kuma tun daga ranar bai ƙara faɗo min ba. Duk abin da zan faɗa muku yanzu daga waccan asarar na koyo shi.

Ga kayan haɗi na mutum takwas.

Nama rabin kilo, na sa ko na rago. Ku ce wa mahauci ya haɗa da kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Kar ku ce tsoka zalla kuke so, don kitsen ne ke hana shi bushewa ya zama kamar kilishi.
Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da dunƙule ɗaya.
Garin ƙuli-ƙuli babban cokali biyu.
Citta, tafarnuwa, masoro da 'yar kanumfari kaɗan, a daka.
Albasa babba biyu, ɗaya ta cikin nama, ɗaya ta sama.
Ruwa mai sanyi babban cokali uku.
Yajin tsire, man gyaɗa, tsinke takwas masu kauri.
Ƙananan burodi masu ɗan tsawo guda takwas.
Kabeji, tumatir, tattasai, lemun tsami, da bama ga mai so.

Mataki na farko, naman. Ku wanke, ku bari ya tsane sarai, ku cire jijiyoyi. In akwai injin niƙa nama ko blenda, madalla. In babu, ku yayyanka shi ƙanana da wuƙa mai kaifi, sannan ku daka a turmi mai tsabta har ya yi laushi. Ku yi aikin nan da naman da aka yanka a ranar, kuma da sauri, kar ya daɗe a zafi. Albasar ciki kuwa ku goga ta, ku matse ruwan da hannu ku ajiye gefe. Ruwan albasa na cikin abin da ya kayar min da nama.

Mataki na biyu, kuma shi ne zuciyar aikin: murza. Ku zuba gishiri da dunƙule a kan naman tun kafin sauran kaya, ku murza da hannu kamar minti biyar, kuna yayyafa ruwan sanyin kaɗan-kaɗan. Me ya sa? A cikin tsoka akwai wani sinadari da gishiri ke narkar da shi ya fito waje. Idan aka murza sai ya zama kamar danƙo, ya haɗe naman wuri ɗaya, in ya ji wuta ya ƙanƙame. Haka masu yin sosej suke yi a ko'ina a duniya, Inna ta san haka ba tare da ta je makarantar girki ba. Yadda za ku gane ya yi: ku ɗebo ɗan curi ku manna a tafin hannu, ku kifa hannun. In ya maƙale bai faɗo ba, ya yi. In ya faɗo, ku ci gaba da murza. Daga nan sai ku zuba garin ƙuli, kayan ƙamshi da albasar da kuka matse, ku ƙara cakuɗawa.

Kafin ku mulmula duka, ku soya ɗan ƙanƙani a kasko ku ɗanɗana. In gishiri bai ji ba, yanzu ne lokacin gyara. Kar a ɗanɗana ɗanye.

Mataki na uku, siffa. Ku jiƙa tsinkayen a ruwa na kamar rabin sa'a don kar su ƙone. Ku raba naman gida takwas, ku shafa mai a hannu, ku mulmula kowanne a jikin tsinke, tsawonsa daidai da burodinku, kaurinsa kamar babban yatsa da rabi. Ku matse bakin sama da na ƙasa. In ya yi kauri da yawa, waje zai ƙone ciki bai nuna ba. In akwai firij, ku sa su su huta minti 20, sun fi kama jikinsu. In babu, ku wuce wuta kai tsaye.

Mataki na huɗu, wuta. Ku lura da mai tsiren unguwarku, ba ya ɗora nama a kan harshen wuta, gefe yake jera shi. Ku hura gawayi a kurfoti, ku jira har ya zama jan garwashi toka ta fara rufe shi. Ku ɗora ragar gashi, ku shafa mata mai. Gwajin zafi shi ne ku riƙe tafin hannu a saman ragar, nesa kaɗan. In kuka iya ƙirga ɗaya zuwa biyar kafin ku janye, wutar ta yi daidai. In tun a biyu kun janye, ku ƙara jira. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku jera naman, kuma don Allah kar ku taɓa shi na minti uku. Da kansa zai saki ragar idan ƙasan ya gasu. Sannan ku juya, ku riƙa juyawa har kamar minti 10 zuwa 12. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, ku matsar da shi gefe, baƙin ƙonewa ba daɗi gare shi ba kuma ba lafiya ba ne. Yajin tsire kuwa sai a ƙarshe: ku shafa ɗan mai, ku barbaɗa, ku mayar minti ɗaya. Ƙuli-ƙuli saurin ƙonewa gare shi, in aka sa tun farko ɗaci zai yi.

A nan akwai abin da ba na wasa da shi. Niƙaƙƙen nama ba kamar yankan tsire ba ne. A yanka, ƙwayoyin cuta a bayan naman suke, wuta na taɓa su sun mutu. Amma da aka niƙa, an cakuɗa na waje da na ciki. Saboda haka dole ya nuna har tsakiya. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 71. Mu da ba mu da shi, ku karya guda ɗaya ku duba: ba ja, ba jini, tururi na fita. Kuma farantin da ya ɗauki ɗanyen nama kar ya ɗauki gasasshe sai an wanke, haka wuƙa da katakon yanka. Ku yanka kabeji da tumatir tun kafin ku taɓa nama, ko ku wanke hannu da sabulu.

Wanda ba shi da gawayi, kasko ma yana yi. Ɗan mai kaɗan, wuta matsakaiciya, ba sai da tsinke ba. Ƙamshin hayaƙi kawai za a rasa.

Mataki na biyar, burodi. Mutane suna raina wannan, alhali shi ne rabin daɗin. Ku tsaga shi ta sama a tsaye, kar ku raba shi biyu, ya zama kamar kwale-kwale. Ku shafa ɗan mai ko bota a ciki, ku kifa a kan ragar na rabin minti. Cikin zai yi ƙamas-ƙamas, ba zai jiƙe ya rugurguje a hannu ba. Burodin jiya ma in ya ji wuta sabo yake komawa. In babban burodi ne a gida, ku yanka da kauri ku ninke. Mai gurasa kuma ya yi da gurasa.

Sai kayan sama, kuma a nan ne na kauce wa Ba'amurken bidiyo. Su tumatirin kwalba mai zaƙi suke matsawa. Ni albasa nake yankawa siriri, in soya ta a ɗan man gyaɗa da wuta ƙasa-ƙasa, kamar minti 15, har ta yi laushi ta yi ruwan zuma. Zaƙin da ke cikinta ya wadatar. Kabeji kuma in yanka shi sirara, in wanke, in matsa lemun tsami da ɗan gishiri. Tsamin ne ke yanke maiƙon kitse, ya sa mutum bai ƙosa ba. Miyar sama kuwa: bama cokali uku, yaji cokali ɗaya, ɗigon lemun tsami. Wanda ba ya cin bama ya dama garin ƙuli da ruwan ɗumi da ɗan mai, irin na bandashe. Ni wannan na fi so ma.

Jerin haɗawa: miya a ƙasa, sai kabeji, sai nama. Ku riƙe burodin da hannu ɗaya ku zare tsinken da ɗaya hannun, kar a ba yaro da tsinke a ciki. Sai soyayyiyar albasa, tumatir da tattasai, a barbaɗa yaji. In akwai 'yan ƙasa da shekara huɗu, ku tsaga musu naman a tsaye ku gutsuttsura, don dogon abu mai zagaye irin wannan yana iya shaƙe yaro.

To idan aljihu bai kai rabin kilo ba fa? Ga dabaru uku. Ɗaya, awara: ku sayi ɗanya, ku yanka ta dogo-dogo, ku shafa mai da yaji ku gasa. Da albasar nan a kai, wallahi ba za ku raina ta ba. Biyu, tsiren da aka saya ko ya kwana a firij: ku yayyanka, ku ɗumama shi da albasa har ya yi zafi sosai, tsinke biyu sai ya ishi yara huɗu. Uku, wake. Su kansu Amurkawa suna da wani nau'i da suke kwarara miyar nama, wani lokaci da wake, a kan hot dog. Ku dafa wake ya yi luguf, ku soya da tumatir da attarugu, ku zuba cokali biyu a kan rabin nama. Ciki ya cika, kuɗi ya ragu.

Maganar ajiya, a taƙaice. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen nama kar ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Mu da bazararmu ke kai 40, kun san inda muka faɗa. In ba firij mai aiki, ku yi daidai cikinku ku cinye, ko ku miƙa wa maƙwabta.

Ranar da na yi na biyun, bayan magariba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kwatan kilo ya ba mu guda huɗu, muka raba mu shida. Auta ya gatsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai wannan tsire ne." Na ce to da me kake zato? Inna da ta ce ba cikin gidanta ba, ita ta cinye rabon Baba da ya bar mata, tana cewa a ƙara yaji. Ranar ce na ga ta yi dariya tun da aka katse waya. Da layi ya dawo Yaya ya kira, abin da auta ya fara gaya masa ke nan, wai an yi hot dog ba shi.

'Yar'uwata ta Tsafe, ina fata na amsa miki. Ki gwada ranar Juma'a, ki fara da kwatan kilo, kuma ki murza har ya kama hannunki. Wanda ya gwada ya turo min labarin yadda ta kaya, ko da cikin garwashi ya zube, ba dariya zan yi ba, na riga ku.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya hore mana abin sawa a tukunya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.